Gidan da Ya Tsaya a Linta

Baba Magini ake ce masa, har 'ya'yan cikinsa ma in sun so tsokanarsa. Tun yana saurayi yake ɗora bulo kan bulo, kuma mutum ne da bai yarda da abin da ba shi da ciki ba. In ya ga katangar wani sai ya ƙwanƙwasa ta da yatsa ya kasa kunne, kamar mai sayen kankana. In ta amsa masa da ƙara, ya taɓe baki ya wuce. Gidajen da ya gina wa mutane shi kansa bai san iyakarsu ba, amma nasa guda ɗaya ne tak, wanda ya tayar a ranakun hutu, matarsa tana miƙo masa ruwa tana yi masa gorin ya fi son siminti a kanta.

A gidan nan ta rasu. Ba a daɗe ba aikin faɗaɗa titi ya bi ta kansa, motar rusau ta share shi kafin rana ta take. Hotunan da suka rage duk na mutane ne, don ba wanda yake ɗaukar bango hoto. Auta, ƙaramar 'yarsa mai aiki a shagon magani, ta ɗauke Baba ya koma wurinta, a wani ɗaki da tagarsa ke kallon bayan wani gini.

Don kada zaman banza ya cinye shi, Auta ta sa masa wata manhaja a kwamfutarta, ta gini da bulon wasa irin na roba da yara ke maƙalawa, sai dai wannan a kan allo ake yi. Ta zaci zai yi mata dariya. Tambaya ɗaya ya yi, ko bulon yana ƙarewa. Da ta ce ba ya ƙarewa, ya gyara zama ya ce gidansa zai mayar.

Ya kuwa yi shi irin na magina. Masu wannan wasa sukan bar cikin bango fayau, tun da ba mai gani. Shi kam ya zuba fandisho, wato harsashin gini, ya cike kowace katanga dam. Fayil ya yi ta nauyi, kwamfuta tana nishi, adanawa kawai kan ɗauki lokacin da shayi zai huce. Auta ta yi magana har ta gaji.

Abin da ya fi damunta ba nauyin fayil ba ne. Baba ya fara mantuwa. Yakan kira ta da sunan mahaifiyarta, yakan tsaya a tsakiyar falo ya rasa abin da ya fito nema. Likita ya ce abin gaba zai yi ta yi. Shi ma ya sani, shi ya sa yake ginin da sauri, yana kwashe gidan daga kansa tun kafin a rushe shi a can ma.

Ranar da ya gama rufi, da yamma, yana cikin adanawa wuta ta ɗauke. Da wutar ta dawo, fayil ya ƙi buɗuwa. Auta ta ce ba komai, ai ta koya masa ajiye kwafi. Ashe duk sanda ya ajiye sabo sai ya goge tsohon. A wurin aiki bai taɓa barin zane biyu ba, kada leburori su bi wanda aka canza. Ranar Auta ta shiga kicin ta yi kukanta, don ta san ba zai iya tuno gidan daga farko ba.

Ta ɗauki kwamfutar ta kai wa mai gyara, a wani matsattsen shago cike da matattun alluna da warin dalma. Kafin ya taɓa komai sai da ya kwafi lalataccen fayil ɗin gefe, ya ce ba a gwaji a kan na asali. Ya bayyana mata cewa manhajar tana adana bulo bi da bi, yadda aka ɗora su, kuma ƙarshen ne wuta ta datse. Ya yanke ɓangaren da ya lalace, ya rufe bakin, ya ce su gwada.

Allo ya buɗe a kan fili fetal. Abu na farko da ya bayyana ba fandisho ba ne. Wata 'yar tsana ce ta mace, zaune kan kujera, ita kaɗai a filin, ta fuskanci inda ƙofar gida za ta kasance. Sai fandisho ya fito ya kewaye ta, bango ya yi ta tashi layi bayan layi, ya kai linta, daidai saman ƙofa da taga, ya tsaya.

Auta ta gane wurin. Daidai nan mahaifiyarta take zama kullum tana jiran Baba ya taso daga aiki. Ashe da ita ya fara, sannan ya yi gini ya rufe ta ciki, bai gaya wa kowa ba. Mai gyara ya ba da haƙuri, ya ce daga linta zuwa sama ya tafi ke nan.

Kafin ta bar shagon ta sa ya zuba mata kwafi a filash, wani a wayarta, ta tura wa yayanta wani. Sannan aka gyara kwamfutar ta riƙa ajiye tsofaffin kwafi da kanta, a inda hannun Baba ba zai kai ba.

A gida Baba ya zauna gaban allo ya daɗe yana kallo. Ya yaba kaurin bangon, ya ce wanda ya yi aikin nan ya san hannunsa. Sai ya kai yatsa kan 'yar tsanar.

"Auta, wannan baiwar Allah fa, wa take jira?"

"Kai take jira, Baba."

Ya dubi saman gidan a buɗe. "To ai bai kamata a bar ta a rana ba," in ji shi.

Ya jawo kujera, ya ɗauko bulo ɗaya ya ɗora kan linta.