Fuskar Aisata a Jikin Kirya

Hama ɗan masassaƙin kwale-kwale ne daga Tunuga. Tun yana ƙarami ya fi son fitar da kan mutum daga guntun itace, ubansa ya yi dukan har ya gaji. Lakwal, wato makarantar boko, ta kai shi Yamai, ya dawo Gaya yana koyar da zane, yara na ce masa Mushe Hama.

Hannu kam Allah ya ba shi, tausayi ne babu. Ɗalibi zai sha wahala ya gina doki da laka, Mushe ya ɗauka, ya jujjuya, ya sake shi ƙasa. "Jaki ne wannan. Share wurin."

Yana cikin ƙarfinsa hawan jini ya kayar da matarsa Aisata. Bakinta ya karkace, ido ɗaya ya daina rufuwa. Ta koma ƙuryar ɗaki, ko maƙwabta ba ta yarda su gani. Sai ga Hama, wanda bai saba zaman gida ba, kullum da la'asar yana gefen tabarmarta.

"Janye mayafin, in ga ko ana samun sauƙi."

Ta janye, ya daɗe yana kallo, sannan ya wuce rumfarsa, a ji saran gizago. Aisata har ta ce wa ƙanwarta Kaltuma, "Ciwon nan ya dawo mini da maigida."

Bayan damina wani dillali daga Kwatano ya tafi da aikin da Hama ya sassaƙa a buhu. Ba a jima ba hoton aikin ya shiga salular direbobi a tasha, har ya iso hannun Kaltuma. Fuskar yayarta ce a jikin icen kirya, da karkataccen bakin, da layin yawu a haɓa.

Da Kaltuma ta nuna mata, Aisata ta ja ƙafa har rumfar. Maganar da ƙyar take fita.

"Malam, ashe ba duba ni kake ba."

"Ke nake dubawa mana," in ji shi, bai ajiye gizagon ba. "Ban taɓa aiki kamarsa ba. Tsorona ɗaya a lokacin, kada ki warke ban gama ba."

Ƴan'uwanta suka mayar da ita garinsu Karakara, can ta rasu. Ya je gaisuwa, ba wanda ya matsa masa a tabarma.

Yanzu ya bar koyarwa, yana nan yana sassaƙa. A unguwarsu, in akwai mai jinya a gida aka ji sallamarsa, sai a ce masa majinyacin barci yake.