Kwabban da na kusa gogewa da lemun tsami

Na riga na yanka lemun tsami, na ɗauko soson ƙarfe, sai ga Baban Hanifa ya shigo kicin da sauri.

Wasu tsofaffin kwabbai uku na gani a durowarsa, sun yi kore shar. A wani shagon kayan tarihi da ke Elm Street, nan ƙasar Turawa da muke zaune, ya sayo su. Mu kuwa a gidanmu a Zariya, duk tagullar da ta yi kore, toka da tsami ne maganinta.

Ya ce, "Maman Hanifa, ajiye soson nan. Koren nan ne ya kare su kusan shekara dubu biyu. In kika goge shi, kin kashe su."

Ya kai ɗaya daga cikinsu bakin taga ya nuna min. Fuskar sarkin Rum ce a gaba, amma rubutun Girkanci ne. A baya kuma ga sunan wani ƙaramin gari, da hoton jirgin ruwansu.

Ya ce, "Rumawa ke mulkin mutanen garin nan, amma kuɗin sayen burodinsu da harshensu suka buga shi."

Wallahi mutanen nan sun burge ni. Garinsu ya zama kufai, amma sunansa na nan yadda suke faɗarsa.

Lemun dai a shayi ya ƙare. Ni kuwa ga shi ina yi wa yarana Hausa suna amsa min da Turanci. Ku fa, me kuka rubuta da Hausa da jikokinku za su tarar?