Dutsen Awon Gwaggo

Shekarar da Nasara suka fara ɗibar samari soja a ƙasar Kurfai, ni aka fara korowa. A barikin Filinge aka tuɓe mu, likita ya ɗora ni kan ma'aunin ƙarfe, ya dubi allurar, ya dube ni, ya tuntsire da dariya. Tafinta ya ce, "Wai ka tahi gida, bindiga ta fi ka nauyi." Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Labari ya riga ni isa gari. Iyaye mata suka gane cewa wanda bai kai nauyi ba, ba a ɗaukarsa. An kuma ce za a dawo ɗiba bayan girbi. To, ina ma'auni a ƙauye?

Gwaggona, ƙanwar babana, ita ta yi dabara. Ɗanta guda ne tak, taubashina, ƙato ɗan kokawa. Ta kifa turmi a bayan rumbu, ta gitta azara a kai. Ni in zauna a wannan gefe, shi a wancan. Ranar da muka yi daidai, ya tsira.

Ka ji sana'ar da na samu, dutsen awo! Ko gayyar noma ba a kirana, amma ga ni kullum a sama ƙafafu na reto, shi a ƙasa yana cewa, "Riƙe da kyau, Sillen Kara, kar iska ta tahi da kai."

Gwaggo ba ta yarda da komai ba sai ta gwada. Ta sa mu musanya gefe. Ta ɗora dammunan gero iri ɗaya ta ga ko azarar na da son kai. Ta share ƙasar gindin turmin, ta sake gwadawa. Shi kuwa ta hana shi tuwo, sai tsararon kunu da ganyen tafasa, har wuyansa ya fito.

Tuwon da aka hana shi fa? Gwaggo ba ta zubar da abinci. Ni take turo wa, har da man shanu, wai ladan zama. Ni da na tashi maraya ban san ƙoshi ba, na ci, na suɗe akushi.

Ranar da azara ta tsaya daidai, Gwaggo ta rangaɗa guɗa.

Bayan girbi na raka taubashina bariki. Yana hawa ma'auni, allura ta wuce, aka tura shi layin waɗanda aka ɗauka. Ina tsaye baki buɗe sai wani gardi mai gadin bariki ya dafa ni. "A'a, ba kai ne aka kora ba? Kai, ka yi ƙiba!"

Nan na gane. An gwada turmi, an gwada azara, ni ne ba a gwada ba. Taubashina ya ji. Ya dube ni sama da ƙasa, ya yi murmushi ya ce, "Sillen Kara, ashe tuwona bai ɓata ba." Ban sake jin muryarsa ba.

Ni kaɗai na koma. Na tarar Gwaggo ta dama fura cike da ƙwarya, da nono, ta buɗa-bakin ɗanta. Na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta turo ƙwaryar gabana.

"Sha, ɗana. Wa za ni ba?"

Tun safe ban ci komai ba. Ina kuka, na shanye.