Rawanin da Malam Habibu Ya Ƙi Naɗawa

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Malam Habibu, kuma ban yi niyyar rubuta komai ba bana. Na saba in yi masa addu'a ni kaɗai, in tuƙa tuwo in aika wa ɗaliban da ke unguwar Hulme sadaka, shi ke nan. Baƙin da na yi a makon jiya ne suka sa na ɗauki alƙalami. Dattawan ƙungiyar zumuncin da muka kafa a nan Manchester ne suka zo har falona, tsohon abokin Malam, Alhaji Tanimu, yana gaba. Roƙo suka zo yi, in ba su wani rawani da suka taɓa saya wa Malam. Shugaban ƙungiya na yanzu za su naɗa wa, ya zama Sarkin Hausawa, ba sauran zaɓe, sai dai mutuwa ta sauke shi.

Wanda bai san Malam ba ba zai gane nauyin wannan roƙo ba. Karatu ya kawo shi ƙasar nan, ya gama, ya zauna yana koyar da tarihi a jami'a. Abin da ya ƙare rayuwarsa a kai shi ne sarakunan Turai na da, waɗanda suka ce Allah ne ya ɗora su, don haka ba mahaluƙin da ya isa ya tambaye su. Ina amarya, a wani ɗan ɗaki mai sanyin tsiya a Ardwick, ina yanka albasa yana ba ni labarin sarkin Ingila da ya rufe majalisa ya yi ta mulki shi kaɗai, har aka yi yaƙi, aka gurfanar da shi, aka fille masa kai. Na ce, "Malam, don Allah, ana girki kana zancen yankan kai?" Ya yi dariya, ya koma kan sarkin Faransa, wanda shi ma haka ya ƙare. Daga bakinsa na fara jin cewa wasu masana na wancan zamani sun ce mulki amana ce da jama'a suka ba mutum bisa sharaɗi, in ya karya sharaɗin suna da ikon karɓe abinsu.

Kada a ɗauka maƙiyin sarauta ne. Mahaifinsa a ƙofar hakimi ya tsufa, kuma duk ranar da muka je gida Malam zai cire takalmi ya durƙusa ya yi gaisuwa kamar kowa. Juyin juya hali ma bai burge shi yadda ɗalibansa suke zato ba, jinin da aka zubar yana damunsa. In muka je Birmingham sai ya nuna min unguwar da aka ƙona gidan wani masani don ya yabi juyin Faransa, ya ce talakawan da masanin yake faɗa dominsu su ne suka cinna wutar. Abu ɗaya yake tsoro: mutumin da ba wanda zai iya ce masa sauka. Yakan ce mugun sarki da sauƙi, kowa na sa masa ido. Nagari shi ne abin tsoro, domin a zamaninsa mutane ke mance yadda ake tambaya, ya mutu ya bar su a hannun duk wanda ya gaje shi.

Malam ne ya fara shugabancin ƙungiyar. Shi ne tarbo sabon ɗalibi a filin jirgi, shi ne nemo masa ɗaki, shi ne raka marar lafiya asibiti, in an yi mutuwa shi ne wanka. Shi kuma ya nace aka sa doka cewa shugaba zai yi zango biyu ya sauka. Da nasa ya cika, dattawa suka haɗa liyafa a wani gidan abinci a Rusholme. Ana cikin ci Alhaji Tanimu ya miƙe ya warware farin rawani da aka aiko daga Kano, ya ce jama'a sun yanke shawara, ba sa son kowa sai shi, a manta da zancen zango. Malam ya tashi ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya naɗe shi ya ajiye a gefen farantinsa. Ya ce, "Kyauta na karɓa, Alhaji. Sarautar ce ba zan iya ba. In na karya dokar yau don kuna sona, gobe da me za ku sauke wanda ba ku so?"

A bas ɗin da ya mai da mu gida na juya masa ƙeya don haushi. Ba zan ɓoye ba, na so a kira ni matar sarki, wace ce ba ta so? Amma ba wannan ne ya fi ƙona min rai ba. Na san mijina. Hidimar mutanen nan ita ce rayuwarsa, kuma na san dattawa ba za su yafe masa ba. Haka kuwa aka yi. Suka ce ya watsa musu ƙasa a ido, karatu ya mai da shi Bature. Wayar da ba ta hutawa ta yi shiru. Bayan ya yi ritaya nakan gan shi ya ɗauko ta yana dubawa ko caji ne ya ƙare. Bai daina zuwa taro ba, sai dai a kujerar baya yake zama, ya ɗaga hannu ya jira a ba shi dama, wani lokaci a ba shi, wani lokaci a yi kamar ba a gan shi ba. Na sha ce masa shi ya jawo wa kansa. Har yau in na tuna zamansa a bakin taga sai zuciyata ta yi nauyi, kuma har yau ban gama huce masa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ranar da aka naɗa sabon sarkin ƙasar nan muna Birmingham gidan ɗanmu Mahmud, ana kallo a talabijin, sai jikata ta juyo da Turancinta na 'yan nan ta ce, to shi wa ya zaɓe shi? Ni da Mahmud muka kalli juna. Da Malam zai yi murna da wannan. Amma da zai ga samari a maƙwabtan ƙasarmu ta haihuwa suna tafa wa sojan da ya ƙwace mulki don sun gaji da 'yan siyasa, da sai ya kwana bai ci abinci ba. Shugaban ƙungiyarmu na yanzu kuwa likita ne, mutumin kirki, ba ni da abin faɗa a kansa. Zangonsa biyu sun cika, kowa na sonsa. Irin wanda Malam ke tsoro ke nan sak.

Ranar da suka zo falona, Alhaji Tanimu ya tausasa murya ya ce, "Hajiya, don girmama marigayi ne. Rawaninsa zai ci gaba da amfani, maimakon ya ruɓe a akwati."

Na ce, "Alhaji, ai ba ya akwati. Kun zo sallar jana'iza, amma ba ku shiga wankan gawa ba. Malam yana asibiti ya ce da Mahmud, a mazhabarmu ana sa wa namiji rawani cikin likkafani, a naɗa masa naku. Ya ce kyautar mutane ce, ba kyau a ce bai taɓa sa ta ba."

Alhaji Tanimu ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana goge ido da bakin babbar rigarsa. Suka yi addu'a suka tafi, shayin da na zuba musu ba wanda ya taɓa.

Ban yaudari kaina ba. Rawani bai ƙare a kasuwa ba, za su aika a sayo wani, kuma an riga an kira taron da za a soke dokar zango. In na auna abin da ya rage na Malam, ba yawa: littattafan da Mahmud ya kwashe, ɗalibai da suka warwatsu, tambayar jikata, da dokar nan da take shirin binsa. Zan je taron. Ni da na yi gaba da shi a kan wannan doka, zan ɗaga hannu in tambaya, in an naɗa likita, wa zai iya ce masa sauka. Ban sani ba ko za a ba ni dama, ko za a yi kamar ba a gan ni ba. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sanyaya masa makwanci. Kujerar bayan dai na san ta, a kanta zan zauna.