Zanen Hular da Ya Share Min Maganin Maigidana

Ni ban iya karatu ba, maƙwabciyata ce take rubuta wannan, ina faɗa ina kuka. A shekarun da Minna ta zama babban birnin jiha, ni mai ɗinkin hula ce a Tudun Wada, kuma da idona nake alfahari. In na ga zanen hula a kan mutum, sai in dawo gida in fitar da shi da allura. Har mata sun sa min suna Mai Idon Hoto.

Da ciwon zuciya ya kwantar da maigidana, ni na je asibiti karɓo masa magani. Ma'aikacin ya ba ni 'yan ambulan biyu, ƙwayoyin duk farare ƙanana. Ya ɗora yatsa a kan ɗaya ya ce sau ɗaya a rana, kada a ƙara. Ɗayar kuma sau uku. Ya ɗauki biro zai ja min layi a jikinsu, yadda suke yi wa irinmu, ni kuwa na ji kunyar matan da ke bayana. Na ce masa ya bari, abin da idona ya gani ba ya ɓacewa.

A cikin tasi, mutumin da ke gabana yana sanye da wata hula mai zanen da ban taɓa gani ba. Har muka iso unguwa idona na kanta, ina ƙirga gidajen zanen. Da na kwance bakin zanina a gida na fito da maganin, wallahi ban yi shakka ba ko kaɗan. Ina ganin yatsan ma'aikacin asibitin nan a zuciyata ƙarara, a kan ambulan mai lanƙwasasshen baki. Maigida ajami kawai ya sani, ya tambaye ni ko na tabbata, na ce haba Malam, ni ce fa. Ya yi dariya ya haɗiye.

A rana ta uku ya fara amai, ya ce komai ya koma masa rawaya, har fuskata. Da muka kai shi, likita ya karanta ambulan ɗin ya tambaye ni wanne nake ba shi sau uku. Na nuna. Ya dafe kai. Na zauna a ƙasa ina rantsuwa cewa haka na gani. Ya ce ya yarda ba ƙarya nake ba. Wai abin da ido ya gani yanzu, ƙwaƙwalwa a wani ɗan ƙaramin wuri take riƙe shi na ɗan lokaci. In wani abin kallo ya shigo sai ya ture shi, ita kuma ta cike gurbin ba ta faɗa maka ba.

Kwana biyu bayan nan Malam ya rasu. Sun ce dama zuciyar ta gaji, kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma ban sake riƙe allura ba.

'Yan uwana, musamman mu da ba mu yi boko ba, ganin abu ƙarara a zuci ba shi ne tabbas ba. Ku bari a ja muku layin, ku sake tambaya, ko za a yi muku dariya. Har yau ina iya zana muku hular nan gida-gida. Yatsan ma'aikacin asibitin ne ban san inda ya ɗora shi ba.