Dattijon Da Mama Ta Hana Gyara Mana Ɗaki

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Mansura a Doha, ni da mahaifiyata, alhali sai da hantsi za a buɗe ƙofar shiga jirgin ruwan. Mama ba ta yarda da lokacin da aka rubuta a takarda ba. A wurinta duk abin hawa motar Kaltungo ce, da ta cika sai ta tashi ta bar ka. Haka muka fito da akwatuna biyu da wata jaka da ta hana ni buɗewa, wadda daga baya na gano yaji ne a ciki da sabulun wanki. Direban tasin ɗan Sudan ne, sai yalla yalla yake ta cewa, wato a yi sauri, titi kuwa fayau, ba wanda ya tare masa hanya.

Masu bibiyata sun san ni nas ce a wani asibiti a nan Doha. Shekarun korona a ɗakin masu numfashi da ƙyar na yi su, takunkumi ya yi min sawu a kan hanci har yau bai gama ɓacewa ba. Da muka fara samun kanmu sai ga gasar cin kofin duniya, aka hana kowa hutu. A lokacin ne Mama ta samu zuwa, ta zauna a ɗakina tana jin ihun 'yan kallo ta taga, ni kuma ina can wurin aiki. Kullum in na bi ta bakin teku ina hango manyan jiragen ruwan da aka mayar masaukin baƙi, sai na ce a raina da an gama ƙwallon nan ni ma sai na kwana a cikin ɗaya. Da suka koma yawon shaƙatawa na yankar mana tikitin kwana biyar. Ba zan ɓoye muku ba, na shiga jirgin nan da niyyar a yi min bauta. Na gaji da ɗaukar tasar fitsarin wasu, ina so ni ma in miƙe ƙafa a kawo min ruwa.

A tashar jirgin an duba fasfo da katin rigakafi, aka ɗora mana na'urar auna zafi a goshi, aka ba kowa kati guda wanda shi ne mukullin ɗaki, shi ne kuma abin sayayya. Mama ta ɗaga kai ta ƙirga benayen jirgin, ta ce wannan ai unguwa ce aka ɗora a kan ruwa, sannan ta tambaye ni ko na tabbata an yi masa addu'a.

Ɗakinmu ya ba ni haushi da farko. A hoto ya yi faɗi, a zahiri kuwa in na buɗe akwati sai Mama ta hau gado. Muna cikin wannan aka ƙwanƙwasa. Wani dattijo ne ɗan Indonesiya, gajere, furfura ta cinye rabin kansa, rigarsa a goge tsaf. Ya ce shi ne mai kula da ɗakinmu, zai riƙa zuwa safe da yamma ya gyara gado, ya wanke banɗaki, ya canja tawul. Na fassara wa Mama. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta gaishe shi da ladabi. Kafin mu fita na nuna mata ɗan kwalin da ake ratayawa a ƙofa, na ce duk lokacin da take son barci ta rataya shi, ba mai shigowa.

Abinci kam ba a cewa komai. Akwai wani babban zaure a sama da ba a rufe shi, ka ɗauki faranti ka ɗebi abin da ranka ke so, a ƙofa kuma wata yarinya tana fesa wa kowa ruwan wanke hannu tana waƙa. Shinkafa kala huɗu, kifi, naman rago, burodi iri-iri, kankana kamar ba a san zafin kuɗinta ba. Sai dai komai lami. A nan jakar Mama ta yi rana, har wasu ma'aurata 'yan Gana da muka haɗa tebur da su suka riƙa neman inda muke saboda yajin. Abin da ba a gaya maka a talla shi ne ruwan gora da lemo da kofi mai kyau duk sai ka miƙa katinka, kuma kuɗin gorar ruwa ɗaya zai saya maka shayin madara na karak kofi biyar a unguwar Najma.

Na lura fasinjan jirgin ruwa ba ya rasa ƙorafi. A gaban teburin karɓar koke kullum akwai layi. Wani yana faɗa wai kwalekwalen ceto ya tare masa taga, wata ta ce an yi minti ashirin ba a kawo mata shayi ba, wani kuma jirgin ne ya girgiza shi da dare, yana so a san abin yi. Ina wucewa ina yi musu dariya, ban san ni ma layin yana jirana ba.

Kwana biyun farko na yi su yadda na yi mafarki. Da safe sai Mama ta ce in yi gaba, ita za ta yi addu'a ta karanta Littafi Mai Tsarki, gwiwarta ma ba ta son hawa da sauka. Ni kuwa sai in haye sama, in kwanta a doguwar kujera ina kallon ruwa har barci ya ɗauke ni. In na dawo sai in tarar an gyara gado, banɗaki yana ƙamshin sabulu. Amma tawul ɗin nan su ne dai na jiya, da ɗan danshinsu. Matar nan 'yar Gana kuma tana nuna min hotuna a waya, kullum ana naɗe musu sabon tawul a yi masa siffar giwa ko agwagwa a ajiye a kan gado. Mu ko ƙadangare ba a yi mana ba.

Rana ta uku muka sauka a Maskat. Gari ne a jikin duwatsu, fararen gidaje, ga kasuwa mai rufi da lunguna, ko'ina turaren wuta. Mama ta yi ciniki da yatsu da wani tsoho mai sayar da mayafi har ya sauko zuwa rabin kuɗin, ya ɗaga hannu ya ce khalas, wato shi ke nan. Mun dawo da yamma a gajiye, zufa ta jiƙa ni, na shiga wanka na jawo tawul, sai na ji shi a jiƙe. Nan take raina ya ɓaci. Har na raya a zuciyata don mu baƙaƙe ne ake mana haka, domin na sha ganin irinsa a wasu wuraren. Ban ce wa Mama komai ba. Na sa kaya na sauka na bi layin nan, na ce kwana uku ba a canja mana tawul ba, kuma ina so a rubuta. Aka rubuta, na sa hannu.

Washegari da safe, ban kai ga fita ba, aka ƙwanƙwasa. Wata mata ce mai riƙe da allon rubutu, shugabar masu gyaran ɗakuna, dattijon yana bayanta ya haɗa hannuwa. Ta ba ni haƙuri, ta ce an ja masa kunne a rubuce, kuma in ina so za a canja mana wani. Shi ma ya sunkuyar da kai ya ce in yafe masa, bai ƙara ko kalma ba. Mama ta ga fuskoki ba daɗi ta tambaye ni abin da ke faruwa. Na gaya mata, har da ɗan alfahari.

Ta zauna a bakin gado ta riƙe baki.

"Ke kika kai ƙararsa? Ai ni na hana shi shiga."

Ashe tun ranar farko, da na fita sai ta rataya kwalin nan a ƙofa, ta gyara gado, ta durƙusa ta wanke banɗaki da sabulun da ta zo da shi, ta wanke tawul ta shanya a ciki. In ya zo da sababbi ya tsaya a bakin ƙofa, sai ta leƙa ta yi masa godiya ta girgiza kai. Da yamma ma haka. Ranar Maskat kuwa ita ta fito a ƙarshe ta bar kwalin a rataye, da muka dawo ta riga ni zuwa ƙofa ta cire.

Na ce, "Mama, don me? Aikinsa ne, mun biya."

Ta ce, "Magidanci da furfurarsa ya durƙusa ya wanke inda na yi bayan gida? Ya taɓa shimfiɗata? Ina da hannu. Uban wasu ne fa."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na fassara wa shugabar komai. Ta juya ta tambaye shi me ya sa bai faɗa ba. Ya ce ya faɗa ana rataya kwali, amma da aka nuna masa takardar 'yar da sa hannunta, bai ga yadda zai ce laifin uwarta ne ba. Shugabar ta ce min matsalar ita ce koken ya riga ya shiga na'ura, ita ba ta da ikon goge shi, kuma da irin waɗannan takardun ake dubawa a yanke wanda za a sake kira aiki. Kwantiraginsa saura 'yan makonni.

Bayan ta tafi na tsayar da shi a bakin ƙofa. A hankali ya ba ni labari. Lokacin da annoba ta sauko yana kan wani jirgi, suka yi watanni a kan ruwa babu ƙasar da ta yarda su sauka. Da ya samu komawa gida ya yi kusan shekara biyu ba aiki, yana ɗaukar fasinja a babur, 'yarsa ta fari ta dakatar da karatu. Wannan ne karo na farko da aka sake kiransa, kuma matasa masu jiran gurbinsa suna da yawa. Yana maganar ba tare da fushi ba, wannan ne ya fi yi min ciwo. Ni da na san yadda takarda ɗaya daga ɗan'uwan majiyyaci take bin mutum a fayil shekara da shekaru, ni ce na yi wa wani haka a kan tawul.

Da na gaya wa Mama, sai ta taso da wannan gwiwar tata ta durƙusa a gabansa. Ya firgita, shi ma ya zube ƙasa, suka tsaya a haka a ƙofar ɗaki, tana ba shi haƙuri da Hausa yana ba ta da Turanci. Ta ce in tambaye shi me za ta yi masa. Ya ce abu ɗaya ne, ta bar shi ya yi aikinsa, domin yanzu shugabar za ta riƙa zuwa duba ɗakin da kanta.

Na ja Mama muka hau sama. Ban taɓa ganin mutum ya sha wahalar hutu irin na ranar ba. Na kwantar da ita a doguwar kujera, ta tashi zaune. Na kawo mata shayi ya huce a hannunta. Can ta ce ko yanzu ya kai banɗakin, can kuma ta ce da ta sani ta ɗan ɗauraye kafin mu fito. Ni kuma na ari biro na rubuta wasiƙa shafi biyu, na bayyana yadda aka yi dalla-dalla, na ce laifin nawa ne, na janye kokena, na kai teburin nan na tsaya sai da na ga an haɗa ta da takardar farko. Da muka koma ɗaki muka tarar da komai yana sheƙi, ga giwa a kan gadon Mama. Ta daɗe tana kallonta, ta ɗauke ta a hankali ta ɗora a kan tebur, ta hana ni warwarewa.

Safiyar da muka hango benayen Doha na nemi shugabar. Ta ce ta rubuta nata bayanin, ta kuma nemi a cire jan kunnen, amma hukuncin yana hannun ofishinsu da ke kan tudu, ba za ta yi min alkawarin abin da ba ta da iko a kai ba. Da haka muka sauka. Dattijon ya rako mu har bakin lif, ya ce wa Mama ta gaida gida. Har yanzu da nake wannan rubutu ban san ko an sake kiransa ba, kuma abin yana raina.

Masu tambayata ko tafiyar ta biya kuɗinta, ta biya. Ku je, ku tafi da yajinku, ku sa ran ɗaki ƙarami. Abin da na koyo dai shi ne duk jin daɗin da ake sayar maka a jirgin nan a bayan wani mutum yake, mai iyali, wanda sa hannunka zai iya mayar da shi gida. Kafin ka bi layin koke, ka fara tambayar shi kansa, ka kuma tambayi wanda kuke ɗaki ɗaya.

Mun iso Mansura da azahar. Ina cire takalmi Mama ta kira sunana, ta ce tana so ta tambaye ni wani abu game da aikina, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Lokacin ciwon nan, waɗanda ba sa iya tashi, wa yake wanke su?"

Na ce, "Mu ne."

"Har maza? Har tsofaffi?"

"Har su, Mama."

Ta ce, "Suna barin ki?"

Na ce wasu sai da lallashi, wasu kuma suna juyar da fuska bango suna hawaye har in gama. Ta jawo hannuwana ta juya su tana dubawa, ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka allura kawai nake yi.