Mukullin Motar Yana Wurina, Baba

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Afrilu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran surukina, mahaifin maigidana, bayan jinyar kwana huɗu. Na Allah ne, kuma wurinSa ya koma. Ina ninke kayan wanki wayar ta shigo. Na zauna a ƙasa da rigar ɗansa a hannuna, na kasa tuna yadda ake ninke ta.

Baba, shekara arba'in kana gyaran mota. Masu magana sun yi magana a kan haƙurinka da amanarka, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni abu ɗaya zan rubuta, domin ni kaɗai na gan shi.

Mako biyu kafin rasuwarka birki ya ƙwace mini a tsohuwar motar gidan. An yi yayyafi, na taso daga asibiti, na gangaro hanyar da ke zuwa shataletale. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka soso. Na sake takawa, babu komai. Da birkin hannu da ikon Allah na tsaya, gaban motar yana shafar katangar wani shago. Da maigidana ya iso ya shiga, ya taka, birki ya kama cak. Ya dube ni, ya dubi littafin da ke kan kujerar gefe, ya ce, "Ke dai hankalinki yana wurin jaruman nan naki. Totur kika taka."

Ban yi musu ba. Kowa a gidan ya san ni da littattafan soyayya. Na sha ƙona girki saboda shafi ɗaya, har ni kaina na fara zargin ƙafata.

Kai ne ba ka yi dariya ba. Ka sa aka jawo motar garejinka, ka goge mini benci da hannun rigarka, ka ce, "'Yata, ba ni labarin. Daga farko, kamar yadda suke yi a littattafanki. Kada ki tsallake komai."

Tun da aka kawo ni gidan nan babu wanda ya taɓa cewa in ba shi labari daga farko. Na faɗa maka yayyafin, da yashin da ruwa ya kwaso kan titi, da yadda can baya kaɗan, da wani mai keke ya gifta, na taka birki fedar ta yi ta karkarwa a tafin ƙafata. Ka ɗaga hannu. "Ta yi karkarwa tukuna, sannan daga baya ta nutse?" Na ce eh. Ka juya wurin ɗanka ka ce, "Kai da ba ka karatu, ka taɓa lura da wannan?"

Ka duba man birki, bai ragu ba. Ka bi bututun ɗaya bayan ɗaya, babu yoyo. Ka canza robobin masta, wato tukunyar da ke tura man zuwa tayoyi, domin ka ce sun tsufa ko da ba su ne masu laifi ba. Sai aikin fitar da iska, wanda mutum ɗaya ba ya yi. Kana kwance a ƙarƙashin mota da sufana, ni ina kujerar direba. "Taka. Taka. Riƙe. Saki." Yini guda muna haka. Wani lokaci sai muryarka ta fito daga ƙasa: "Malama, ajiye littafin nan. Jarumin ba zai auri kowa ba sai kin dawo."

Birki ya yi tauri, kowa ya ce an gama. Kai ka ce ba a gama ba. Washegari da safe ka sa ni na tuƙa, kana gefena, zuwa filin tsakuwa da ke bayan gareji. Ka ce in ɗan yi gudu in taka da ƙarfi. Fedar ta yi karkarwar nan. Ka ce wannan na'urar ABS ce take aikinta, tana hana tayoyi ƙamewa a kan santsi. "Yanzu sake takawa." Na taka. Ƙafata ta tafi har ƙasa, motar ta yi ta gangarawa a hankali har ta tsaya don kanta.

Na kifa kaina a kan sitiyari na yi kuka. Ka bar ni na gama. Sannan ka ce wani ɗan bawul ne a cikin akwatin na'urar yake maƙalewa a buɗe bayan ya yi aiki, daga baya ya koma da kansa, shi ya sa a busasshen titi babu mai gane komai. Ka ce, "Motar ce take ƙarya, 'yata, ba ke ba." Ka zare mukullin ka sa a tafina. "Kada ta fita sai an canza akwatin. Na aika a nemo."

Akwatin bai iso ba ciwon ya kwantar da kai.

Yanzu duk lokacin da na wuce garejin nakan ga tabarmar da kake kwanciya a kai, a naɗe a jikin bango, da tabon baƙin mai daidai inda kafaɗarka take sauka. Na buɗe littafi sau uku tun ranar, ban wuce layin farko ba. A littattafan nan mutum ba ya mutuwa sai ya gama abin da ya fara.

Jiya aka zauna a falon Mama, surukata, aka yanke cewa a ba Auta, ƙanwar maigidana, motar ta riƙa kai yaranta makaranta. Na ce birkin bai gyaru ba. Babban yayansu ya ce, "Motar da Baba ya taɓa da hannunsa?" Mama ta share hawaye ta ce ba ka taɓa barin aiki rabi ba. Maigidana ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba, Baba. Son da suke maka ne ya hana su ji. Amma ba su je filin tsakuwa ba, kuma damina tana tafe, yaran Auta uku ne.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka makwancinsa. Ka sa rayukan da ya tsare a kan hanya, waɗanda ba su ma san sunansa ba, su zama nauyi a mizaninsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da abokan sana'arsa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Mukullin yana wurina. Ba zan ba kowa ba sai an canza akwatin, an kai motar filin tsakuwa, na taka da ƙafata.